Yunifom mai maganin kaska: abin da ya faru da ma'aikatan daji 159 a Karolina ta Arewa

A watan Maris na 2011 aka fara wani gwaji a jihar Karolina ta Arewa da ke kudu maso gabashin Amurka. An nemi ma'aikatan gwamnatin jihar da ke wuni cikin daji su miƙa yunifom ɗinsu na aiki. Akwai masu kula da gandun daji, akwai masu gadin wuraren shaƙatawa, akwai kuma jami'an namun daji, dukkansu daga gabashi da tsakiyar jihar. Mutum 159 suka amsa kira. Aka jefa ƙuri'a aka raba su gida biyu. Kayan kashi na farko aka kai masana'anta aka shigar musu da maganin ƙwari a cikin zaren yadin. Kayan kashi na biyu ma an karɓa an dawo da su, amma ba a sa musu komai ba. Ma'aikacin da ya sa rigar bai san wace iri ce a jikinsa ba, masu tattara bayanan ma ba su sani ba. Abin da aka ce kowa ya yi shi ne ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba, ya kuma rubuta a takarda duk mako sau nawa kaska ta cije shi a bakin aiki.

Masu binciken daga Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill suke, a gabansu akwai Meagan Vaughn da Farfesa Steven Meshnick, wanda ya daɗe yana aiki a kan zazzaɓin cizon sauro kafin ya waiwayi kaska. An rufe gwajin a watan Satumba na 2012, aka buga sakamakon a 2014.

Me ya sa aka zaɓi wannan jiha

Karolina ta Arewa ƙasa ce mai damina da zafi da duhuwar itatuwa, ga barewa birjik, wato duk abin da kaska ke so. Wadda ta fi addabar mutane a can ita ce mai farin ɗigo guda a gadon bayan macen. Yawancin kaska haƙuri gare su: sukan hau kan ciyawa ko ƙaramin reshe, su miƙe ƙafafun gaba, su jira mai wucewa. Ba sa tashi sama, ba sa tsalle. A ƙafafun gaban nan akwai wata gaɓa da suke jin numfashin dabba da ɗumin jikinta da warinta. Mai farin ɗigon ba ta tsaya ga jira ba, tana bin mutum da ƙafarta idan ta ji shi kusa. 'Ya'yanta kuwa a dunƙule suke zama, mutum ya goga wando a ciyawa ɗaya ya kwashi ɗaruruwa, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba.

Cizon da ƙaiƙayin ba su ne abin tsoro ba. Wannan kaska tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke shiga fararen ƙwayoyin jini ta kawo zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Wata 'yar uwarta, wadda aka fi gani a jikin karnuka, tana yaɗa zazzaɓin nan mai fesar da ɗige-ɗige a fata da ake dangantawa da duwatsun Roki, wanda ke iya kisa idan ba a fara ba da magani cikin kwanaki biyar na farko ba, kuma jihar na cikin waɗanda suka fi yawan masu kamuwa da shi a Amurka. Sannan ga wata masifa da aka gano a 'yan shekarun nan: cizon mai farin ɗigo na iya sa jikin mutum ya daina karɓar jan nama. Ya ci naman sa ko na rago, bayan awa biyu zuwa shida jiki ya fashe da borin jini, wani har numfashi ya gagare shi. Kaza da kifi ba sa yi masa komai. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa waɗanda abin ya shafa za su iya kaiwa 450,000. A ce cizon ƙwaro guda ya raba mutum da tsire da kilishi da naman layya!

Matsalar da ake son warwarewa

Shawarwarin kare kai daga kaska ba sababbi ba ne, kuma ma'aikatan nan sun san su. A sa riga mai dogon hannu, a cusa ƙafar wando cikin safa, a shafa maganin korar ƙwari, a duba jiki bayan an tashi aiki. Masu binciken da kansu sun faɗa tun farko cewa bin waɗannan ƙa'idoji ya yi ƙaranci a tsakanin ma'aikatan waje. Ba taurin kai ba ne. Duk wanda ya taɓa wuni a gona cikin zafi ya san dalili.

Ɗauki maganin shafawa. Mafi shahara shi ne DEET, wanda ma'aikatar gona ta Amurka ta samar wa sojoji a shekarun 1940, aka ba jama'a izinin amfani da shi a 1957. Yana aiki, kuma an daɗe ana ba da shawarar a nemi mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari zuwa sama idan kaska ake gudu. Amma ba ya kashe ta, rikita mata jin wari kawai yake yi, ta ƙi tsayawa a wurin da aka shafa. Inda hannu bai kai ba kuwa, ta samu hanya. Gumi yana wanke shi, bayan wasu awoyi sai an sake shafawa, ƙara ƙarfinsa sama da kashi 50 kuma ba ya ƙara wani abin kirki. Yana da maiƙo da wari, yana cin roba, ya ɓata gilashin agogo da madubin ido. Akwai fikaridin, wanda kamfanin Bayer ya ƙirƙiro a shekarun 1980, ba shi da maiƙon kuma ba ya taɓa roba, sai dai shi ma sai an tuna an shafa. Akwai wanda ake tacewa daga wani nau'in itacen turare mai ƙamshin lemo, wanda ba a shafa wa yaro ɗan ƙasa da shekara uku. Dukkansu aibinsu ɗaya: kariyar ta rataya ne a kan mutum ya tuna, yau da gobe da jibi, da safe kuma da azahar, alhali hankalinsa na kan itacen da zai sare ko wutar dajin da zai kashe.

Tambayar gwajin ke nan. Idan aka ɗauke wa ma'aikaci nauyin tunawa, aka sa kariyar a cikin rigar da dole ya sa kafin ya fita, me zai faru?

Maganin da ke cikin yadin

Sunansa farmetirin, a jikin gwangwani za a ga an rubuta permethrin. Masana a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, ƙarƙashin Michael Elliott, suka haɗa shi a farkon shekarun 1970, suna kwaikwayon dafin da ke cikin wata fure da ake nomawa a Kenya don kashe ƙwari. Ba baƙo ba ne a gidajenmu. Danginsa ne ake sa wa gidan sauro mai magani da ake rabawa a asibitoci, wasu gidajen sauron ma shi kansa ne a jikinsu. Shi ne kuma a cikin man shafawar da likita ke rubutawa don ƙazuwa, da wanda ake wanke kai da shi don ƙwarƙwata.

Aikinsa daban yake da na DEET. Jijiyoyin kaska yake kamawa. Da zarar ta taka yadin da ke ɗauke da shi sai ta rikice, ta kasa riƙewa, ta faɗo. Idan ta daɗe a kai ta shanye ko ta mutu. Wani gwajin ɗakin bincike da masanan CDC suka wallafa a 2018 ya nuna cewa minti ɗaya zuwa biyu a kan irin wannan yadi ya isa ya hana kaska tafiya yadda ta saba. To, ita kuma kaska ba kamar sauro take ba da ke sauka ya ciza nan take. Sai ta hau takalmi, ta bi safa, ta bi wando, tana neman wuri mai laushi da ɗumi kamar bayan gwiwa ko matsematsi ko hammata. Wannan doguwar tafiya a kan tufa ita ce ke ba maganin dama. A fata kuwa ba ya amfani wajen korar ƙwari, domin jiki na saurin karya shi. Na tufa ne.

Hanya biyu ake sa shi. Ko mutum ya sayi na feshi mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ya rataye kayansa a waje ya fesa, ya bari su bushe sarai kafin ya sa, wanda masu yin sa ke cewa yana kai wanki shida ko mako shida. Ko kuma a shigar da shi a masana'anta ya kama zaren. Wannan na biyun aka gwada, na kamfanin Insect Shield da ke da masana'anta a garin Greensboro cikin jihar, wanda ke cewa maganin na jure wanki 70.

Kafin babban gwajin an yi ƙarami da ma'aikata 16 na sashen kula da tsabtar ruwa na jihar, aka ga cizo ya ragu da kashi 93 cikin ɗari. Adadi ne mai daɗin ji, amma mutum 16 ne, ba a yi ƙuri'a ba, kuma kowa ya san abin da ya sa. Mai sanye da rigar da ya yarda da ita na iya ƙara kula, ko ya rage kula, ko ya manta da rubuta cizo. Shi ya sa aka sake shiri da ƙuri'a da ɓoye wa kowa.

Abin da aka samu

Cikin 159 da suka fara, 127 suka kammala shekarar farko, 101 suka kai ƙarshen ta biyu. Idan aka haɗa makonnin da aka bi kowa, sun kai 5,251, kuma a cikinsu an rubuta cizo 1,045 a bakin aiki. Wato a matsakaici cizo guda ga mutum duk mako biyar, ko da yake ba daidai abin ke rabuwa ba, wani ya sha da yawa wani bai sha ba. A shekarar da ta gabaci gwajin, kashin biyu kusan kai ɗaya suke wajen yawan cizo, saboda haka ba a ce wani kashi ya fi shiga duhuwa tun asali ba.

A shekarar farko, masu yunifom mai magani sun samu raguwar cizo da kashi 82 cikin ɗari idan aka gwada su da abokan aikinsu. Masu lissafi kan ba da iyakar sama da ta ƙasa da gaskiyar ke iya faɗawa a ciki, kuma a nan daga 66 ne zuwa 91. Ko an ɗauki mafi ƙanƙanta, biyu cikin uku na cizo sun tafi. A tuna kuma cewa ba a hana ɗaya kashin shafa maganinsu ko duba jikinsu ba. Wannan riba ƙari ce a kan abin da mutane suka saba yi.

A shekara ta biyu adadin ya faɗo zuwa 34. Iyakar lissafin kuma ta buɗe baki sosai, daga 74 a sama har ta gangara ƙasa da sifili. Ma'anarsa, da alƙaluman shekara ta biyu kaɗai ba za a iya rantsuwa cewa rigar ta yi wani abu ba. Masu binciken sun taƙaita maganarsu daidai gwargwado: kayan na da ƙarfi sosai na aƙalla shekara guda.

A ganina, shekara ta biyun nan ta fi ta farko abin koyo. Kashi 82 kowa ke ɗauka, shi ake bugawa a talla. Amma rigar da aka yi wa magani a 2011, ko a bazarar 2012 launinta ɗaya, ba wari ba alama. Mai shafa DEET ya san lokacin da ya manta, ya san lokacin da kwalbar ta ƙare. Mai rigar farmetirin ba shi da yadda zai gane ranar da ta koma riga kawai, sai dai ya ga kaska a cinyarsa. An cire masa nauyin tunawa na kullum, an bar shi da wata tunawa ta shekara-shekara wadda ta fi sauƙin kuɓucewa.

Lissafin wanki 70 ma ya isa ya sa mutum ya yi tunani. Rigar da ake wankewa sau ɗaya a mako ta cinye su cikin wata goma sha shida. Wadda ake wankewa sau biyu, cikin wata takwas. Kuma wankin da ake ƙirgawa a ɗakin gwaji ba ya haɗa da rana da gumi da gogar ƙaya da rigar ma'aikacin daji ke sha. Ga kuma mutanen da suka fita daga gwajin, sama da kashi ɗaya cikin uku zuwa ƙarshe, wanda shi ma ya raunana lissafin shekara ta biyu.

An sake irin wannan gwaji daga baya a jihohin Rhode Island da Massachusetts, inda kaska mai baƙar ƙafa, mai yaɗa cutar Laim da ke kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ta fi yawa. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna raguwar kashi 65 a shekarar farko da 50 a ta biyu. Adadin ya bambanta, amma gangaren iri ɗaya ne.

Wani abin lura: abin da aka ƙirga a Karolina cizo ne, ba rashin lafiya ba, kuma ma'aikatan ne da kansu ke rubutawa. Hankali na ba da cewa idan cizo ya ragu cuta za ta ragu, amma a wannan fage irin wannan tunani ya taɓa yaudarar masana. A waɗannan shekaru biyu dai, 2011 da 2012, an yi wani gwajin a gidaje sama da 2,700 a jihohin Connecticut da Maryland da New York. Aka yi wa harabar rabin gidajen feshin maganin kaska, sauran aka fesa musu ruwa. Kaska ta ragu da kashi 63 cikin ɗari a inda aka yi feshin gaske, amma mutanen gidajen ba su ga raguwar kaska a jikinsu ba, cuta ma ba ta ragu ba. Mutum ba a tsakar gidansa kaɗai yake yawo ba. Riga kuwa duk inda ya sa ƙafa tana tare da shi, nan ne ta fi feshin haraba.

Idan kuɗi bai isa a yi wa dukan kaya magani ba, daga ƙasa ake farawa. Wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Rhode Island suka wallafa a 2011 ya nuna cewa masu takalmi da safa masu farmetirin sun fi waɗanda ba su da shi tsira daga cizo nesa ba kusa ba, har ninki sama da 70. Ta nan kaska ke hawa.

Abin da rigar ba ta ɗauke wa kowa ba

Wuya da hannu da duk fatar da ke buɗe suna buƙatar maganin shafawa, a kan fatar da ke waje kawai, ba ƙarƙashin tufa ba, ba kan rauni ba, ba kusa da ido da baki ba. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, yaro kuma babba ne zai shafa masa, ban da tafin hannunsa. Kayan da ke da farmetirin daban ake wanke su. Ɗanyen maganin na kashe kyanwa, yana kashe kifi, don haka ba a feshi kusa da mage ko bakin rafi. Bayan an dawo gida a yi wanka cikin awa biyu a duba jiki lungu-lungu: gashin kai, bayan kunne, cibiya, ƙugu, matsematsi. Idan an ga ta manne, a kama ta da hantsaki mai tsinin baki dab da fata, a ja a hankali a miƙe ba murɗawa, a wanke wurin da sabulu. Ƙona ta da ashana ko shafe ta da man shafawa ko kananzir ɓata lokaci ne, kuma lokaci ne ke ba ƙwayar cuta damar shiga.

Inda lamarin ya taɓa mu

Mai farin ɗigo ba ta zaune a ƙasashenmu, amma 'yar gidansu na nan: babbar kaskar nan mai zanen launi a baya da makiyaya suka sani a hantsa da maraina da ƙarƙashin wutsiyar shanu da damina, wadda ke tafiya tare da kirci. Tana cizon mutane, tana kuma ɗauke da ƙwayar wani zazzaɓi da ke barin baƙin tabo a gurbin cizon. Akwai kuma mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe da ke son busasshiyar ƙasa, ita ce ke yaɗa zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Ya ɓarke a yankin Kordofan na Sudan a 2008, an kuma sha samun masu shi a Muritaniya da Senegal. Makiyayi da mahauci da ɗan kara da malamin dabbobi su ne ma'aikatan dajinmu. Cire kaska daga jikin saniya a murƙushe ta da ɗanyen yatsa, kamar yadda aka saba, hanya ce da wannan cuta ke bi.

Haɗarin da nake hange shi ne wani ya ji labarin riga mai magani ya je ya jiƙa tasa da fiya-fiya ko da maganin wankan shanu. Ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Fiya-fiya daga wani dangin guba daban yake, mai ratsa fata da huhu, yana kashe mutum. Maganin shanu kuma an haɗa shi ne da ƙarfin da ya dace da fatar dabba bayan an tsarma shi. Abin da aka gwada a Karolina farmetirin ne da aka auna don tufar ɗan Adam. Wanda bai same shi ba, dogon wando a cikin safa da takalmi rufaffe da yadi mai haske da za a ga abin da ke tafiya a kai sun fi masa.

Wanda kuma zazzaɓi ya kama cikin mako biyu bayan cizon kaska, ya faɗa wa likita maganar cizon da bakinsa, domin a wajenmu zazzaɓi duk na sauro ake ɗauka sai an ga akasin haka. Maganin maleriya ba ya taɓa ƙwayoyin da kaska ke sawa. Zazzaɓin mai baƙin tabo da ire-irensa doksisaikilin ne maganinsu, kuma likita ne zai rubuta. Idan kuwa aka ga jini a dasashi ko hanci ko bayan gida, asibiti za a nufa nan take, masu jinya kuma su guji taɓa jinin da hannu tsirara.